Furfurar Wili

Abin da ke fitowa a jikin alminiyam ba tsatsa ba ne. Na fara da wannan ne saboda shekara uku na yi ana koya mini kiran kowane abu da sunansa, kuma har yau halin bai sake ni ba. Tsatsa ja ce, ta baƙin ƙarfe ce. Na alminiyam fari ne, gari-gari, kamar kanwar da ta bushe a bakin tukunya. Mutumin da ya koya mini cire shi furfura yake kiransa. A Kwatano na haɗu da mutumin, kuma a can na baro muryata.

Yanzu ina da rumfa a Illela, a bakin titin da ya nufi Ƙonni, ina goge wilin mota da murfin inji da gefen injin babur. Wanda ya ji ni ina ciniki da wannan murya, mai kama da ana jan buhu a kan siminti, ba zai yarda na taɓa karanta labarai a rediyo ba. Na karanta. A wani gidan rediyo mai zaman kansa a Kaduna na koyi aikin, a hannun Malam Isiyaku, tsohon mai karanta labarai da ba ya rabuwa da zoben azurfa. Yakan zauna a bayan gilashi yana saurare. Duk lokacin da Sakkwatanci ya kuɓuce mini, na ce "mi" a wurin "me" ko "wanga" a wurin "wannan", sai ya ƙwanƙwasa gilashin da zoben. A watan farko kamar kafinta ne ke aiki a ɗakin. A shekara ta uku kuwa sai a yi mako ban ji zoben ba.

Tashar ba ta kaiwa Illela, don haka nakan tura wa ƙanwata Hadiza abin da na karanta ta waya, ita kuma ta kunna wa Inna. Hadiza ta ce Inna kan saurara har ƙarshe, ta sa a maimaita, sannan ta ce, "Wanga Bakano ya iya magana. Ku ce mai in ya ƙare shi maido min ɗana." Ɗan nata kuwa shi ne yaron da ta yi shekaru tana ɗalle wa baki, saboda duk sanda ta kira shi, maimakon "Na'am" sai ya ce "Mi?"

Mai koyon aiki ba shi da albashi. Aka ce mana bayan shekara guda za a ɗauki mutum biyu aikin dindindin, kuma da gwajin murya za a zaɓa. Abin da nake nema shi ne abin da zai riƙe ni shekarar, in dawo da muryata yadda take. Ana nan sai wani dillalin motoci ɗan garinmu, Alhaji Bawa, ya ce a Kwatano ana neman mai murya da zai riƙa yi wa Hausawa masu sayen mota talla. Ya ce aikin baki ne kawai, a inuwa.

A Gaya ta Nijar na fara sanin na bar gida. Daga Ƙonni zuwa Doso duk Hausa ce, sai dai a ce sefa a wurin naira. A bakin gada kuwa jandarma ya karɓi takarduna ya yi mini tambaya da Faransanci, na ba shi amsa da Hausar da ta fi kowace tsabta a motar, bai gane ko ɗaya ba. Wata tsohuwa Bazabarma da ke zaune kusa da ni ce ta leƙa ta taga ta faɗa masa kalma uku, ya miƙo mini takardun. Da muka haye ta kwance ƙullin dambun zogale ta tura mini. Na ga barkono ja a ciki, na nuna maƙogwarona na girgiza kai. Ta dube ni da kyau. A wuyana akwai mayafi cikin wannan zafi, a cinyata flas ɗin ruwan ɗumi da kwalbar zuma. Ta yi dariya har tana dukan cinya, sannan ta zauna ta tsince barkonon ɗaya bayan ɗaya da farce, ta sake turo mini. Na ci. Ban san sunanta ba, a Kandi ta sauka.

A Faraku motar ta lalace, muka wuni a gindin mangwaro. Can na fara jin iskar kudu, mai nauyi, kamar ana shaƙar tururin tuwo. Fasinjoji suna ta sayen ruwan sanyi, ni ina kurɓar na flas. Kwandastan ya sa mini suna Mai Jego, sunan ya bi ni har teku.

Alhaji Bawa bai yi ƙarya ba gaba ɗaya, kuma wannan ne ya fi mini ciwo. Ya tarbe ni a Zongo, ya kai ni wani makeken filin motoci a kan hanyar Seme, inda ake jera tsofaffin motocin da jirgin ruwa ya sauke daga Turai. Ya haɗa ni da mai kula da wani sashe na filin, Oga Kosi. Aka shigar da ni cikin wata mota aka rufe gilasai, aka ba ni waya, aka ce in naɗi tallar a ciki. Na rubuta ta da kaina, na karanta sau ɗaya ba tuntuɓe:

"Jama'a masu saye, barkanku da isowa. Ga motoci sabbin sauka, inji lafiya, jiki lafiya, wili kamar madubi. Ku matso ku gani da idonku."

Oga Kosi ya tafa. Ya cire katin ajiyar wayar ya sa a wata na'ura da ke haɗe da lasifika a kan dogon ƙarfe. Muryata ta tashi a kan filin, ta kai ƙarshe, ta sake farawa. Na tsaya ina jiran a ce ga aiki na gaba. Alhaji Bawa ya duba agogo.

"To, Malam Nasiru, ai ka gama. Abin ya yi kyau."

"Gobe fa, Alhaji?"

"Gobe ai na'urar za ta yi. Amma kada ka damu, Oga bai rasa abin da zai ba ka."

Abin da Oga ya ba ni jarka ce da buroshi. Motocin Turai suna zuwa da wilin alminiyam da gishirin titunan can da iskar teku suka cinye, duk sun yi fari-fari. Mu shida ne masu wanke su. A jarkar akwai wani haɗi na asid da ba wanda ya san sunansa. Ka watsa, wilin ya yi kumfa, wani farin hayaƙi ya tashi, ka cuɗa da buroshin waya, ka ɗauraye. Inda ya ƙi fita ka sa garanda, wato injin goga, a bushe, ƙura ta turnuƙe ka. Cikin minti goma wili ya yi fes. Wannan hasken yana kai mai saye har Doso. Kafin ya kai Ƙonni ya fara dabbare-dabbare, bayan damina ɗaya ya fi da muni. Na san haka domin na sha ganin irinsu a garinmu, ban dai san daga inda suke fitowa ba.

Na ce zan yi mako biyu in tara na mota. Na yi wata huɗu. Ba zan ce an ɗaure ni ba. Kunya ce ta riƙe ni, domin duk Illela ta ji cewa ɗan gidan Alhaji Umaru mai albasa ya tafi Kwatano aikin talla. Nakan naɗe hanci da mayafina, amma hayaƙin yana ratsa shi. A mako na uku na fara tari. A wata na biyu in na tashi da safe sai na yi gyaran murya sau biyar kafin sallama ta fito. Kuma daga safe har la'asar, a saman kaina, ga ni can ina cewa wili kamar madubi, da murya mai sanyi wadda ba ta tari. Hausawa masu saye sukan wuce ta gabana ina tsugune, wani ya ce wa ɗan'uwansa, "Kai, wannan mai tallar ya iya Hausa." Ban taɓa ɗaga kai ba.

A lokacin ne na daina kiran Inna. Na rubuta wa Hadiza cewa kiran waya daga nan akwai tsada, ta riƙa karanta mata saƙona. Kowace Juma'a nakan rubuta: ina lafiya, aiki na kyau, a gaida kowa.

Wata rana asid ya ƙone wilin wata babbar mota da wani ya riga ya saya, suka yi toka-toka kamar an yi gobara. Oga Kosi ya yi ta zagi, sannan ya ce in loda su a baro in kai wa tsohon da ke ƙarshen fili. Na tura baron cikin rairayi har bayan katanga. Can na tarar da wata rumfar ganyen kwakwa, da bahon ruwa uku, da wani baƙin tsoho siriri zaune a kan taya, yana shafa murfin inji a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Babu garanda, babu hayaƙi. Ya dubi wilin, ya dube ni, ya yi wata magana ƙasa-ƙasa da yaren mutanen garin. Na gaji, kunnena na ƙara. Ban san sanda ta fito ba.

"Mi?"

Hannunsa ya tsaya.

"Kai! Sake hwaɗi."

"Na ce, me ka ce, Baba?"

"A'a. Ba shi kac ce ba. Ina kah hito?"

"Daga Nijeriya."

"Nijeriya gidan ubanka ta? Wane gari?"

"Illela."

Ya ajiye murfin injin a cikin ruwa. Ya share hannu a wando, ya miƙo mini duka biyun.

"Ni mutumin Tozai na. Shekara talatin da wani abu rabona da in ji 'mi' daga bakin da ba nau ba. Zamna. Ɗan wa na kai?"

Na faɗa masa. Ya san kakana, ya san rumfar da yake sayar da albasa, ya tambaye ni wata rijiya da aka cike tun ban yi wayo ba. Sunansa Baba Mamman. Yana cikin tambayar sai iska ta kawo tallar daga nesa. Ya karkata kai yana saurare, ya dubi bakina.

"Wancan mai surutun da ya hana mu sakat, ka san shi?"

"Ni ne, Baba."

Bai yi dariya ba. Ya ce in buɗe baki, ya leƙa kamar mai sayen rago. Ya shinshina mayafina, ya jefar da shi bayan rumfa.

"Gobe kak ka koma wurin Kosi. Wancan ba aiki na ba, kisa na. Nan za ka zo."

Wata bakwai na yi a rumfar, kuma in aka ce in zaɓi kwanakin da zan sake rayuwa a cikinsu, su zan zaɓa, ko da yake a cikinsu ne na rasa abin da na je tsarewa. Baba Mamman ba ya koyarwa da baki sosai. Da farko a wanke da sabulu da ruwa har maiƙo ya fita. Sannan samfefa, wadda aka jiƙa tun safe a baho. A fara da mai kaushi, lamba ɗari huɗu, a bi hanya ɗaya. A koma ɗari takwas, a gitta hanyar farko har zanenta ya ɓace. Haka har a kai mai laushi kamar takardar littafi. Hannun hagu na matsa soso, ruwa na zuba ba yankewa, ƙurar na gangarewa ƙasa baƙa wuluk maimakon ta tashi sama.

"Ruwa ka aiki, ba hannu ba," in ji shi. "Abin da duk yat tashi sama, cikinka za shi."

Buroshin waya haramun ne a rumfar, domin yana barin ƙwayoyin baƙin ƙarfe a jikin alminiyam, su kuma su yi tsatsa. Daga ƙarshe a shafa man goge da tsumma, tsumman ya yi baƙi, a canza wani, ya yi baƙi, har wanda zai fito da tsabta. Sai a rufe da man kariya. Wili ɗaya yakan ci rabin yini. Shi janti yake ce masa, irin na mutanen Nijar, ni ina cewa wili, muka yi wata bakwai ba wanda ya sauka daga kan nasa.

Matarsa Bayarabiya ce, Maman Rashida, wadda ta koyi Hausa a bakinsa kaɗai. Saboda haka Sakkwatanci take yi tsantsa da karin Yarbanci, abin da ban taɓa ji ba kuma ban sake ji ba. Ita ke kawo mana abinci da azahar. Ranar farko ta ji muryata ta riƙe haɓa.

"Wanga yaro, kwaɗo kah haɗiye?"

Tun daga ranar kullum da ƙaramin kofi take zuwa, citta da lemun tsami da zuma, ta tsaya a kaina sai na shanye. Miyata daban take yi, ba barkono, tana mita cewa ta zama mai dafa wa marar lafiya da tsoho marar haƙori. Baba ya ce haƙoransa sun fi na ubanta yawa. Ta ce ubanta ya rasu, shi ya sa. Da la'asar, in aiki ya yi sauƙi, yakan sa ni in lissafa masa garuruwa daga Illela zuwa Tozai, da wanda za ka fara tararwa da wanda ke biye, in na tsallake ɗaya ya ce in koma baya. Ban taɓa tambayarsa me ya hana shi komawa ba, shi ma bai faɗa ba.

Tarin ya tsaya a wata na biyu. Muryar ta ɗan dawo, amma da wani kaushi a ƙasanta, kuma in na yi magana mai tsawo sai ta tsinke. Saura wata biyar gwaji. Na yanke wa kaina shawara irin ta wanda ya saba gyara abu da naci. Kullum bayan sallar asuba nakan tafi bakin teku da tsohuwar jarida, in fassara, in karanta da ƙarfi ina gasa da igiyar ruwa, awa guda cur. Na ɗauka kaushin zai goge.

A cikin waɗannan kwanaki wani tsohon malamin makaranta ya kawo murfin injin motarsa, wadda ya ce ta girmi 'ya'yansa duka. Baba ya ba ni, karon farko da ya sakar mini aiki ni kaɗai. Furfurar ta fita lafiya. Amma a gefe ɗaya akwai wasu ƙananan ramuka uku, kamar zanzana, inda gishiri ya ci ya shiga ciki. Suka tsaya mini a ido. Na koma samfefa mai kaushi na dage a wurin, tun hantsi har azahar, sai da ramukan suka ɓace. Na goge, na kai masa ina jin daɗi.

Bai duba da ido ba. Ya rufe ido ya bi wurin da babban yatsa, ya kama hannuna ya bi da nawa. Wurin ya lotsa kamar bayan cokali. Ya ɗaga murfin ya ƙwanƙwasa da farce, can ya yi ƙara mai kauri, nan ya yi ƙara siririya.

"Ramun sun tahi," ya ce. "Da ƙarhen sunka tahi. In zahin inji ya bugi wurin ga, tsagewa za shi yi. Hurhura aka cirewa, Nasiru. Rame in ya yi zurhi, tsabtace shi aka yi, a bas shi."

Shi ya je ya nemo wani murfin a kasuwar kayan gyara, ya gaya wa malamin gaskiya. Bai yi mini faɗa ba. Da muka zauna cin abinci ne ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "An ce min kullum da sahe kana zuwa kana yi ma teku wa'azi." Maman Rashida ce ta kai ni asibiti washegari, a bayan ɗan acaba mai rigar ɗorawa, ta zama tafintata. Likitan ya zura wani ɗan madubi ya duba. Ya ce hayaƙin ya ƙona wurin, ya warke da tabo, karatun da nake yi da ƙarfi kuma ya ƙara masa kauri. Ya ce in yi shiru mako shida. Na tambaya ko za ta dawo. Maman Rashida ta saurari amsar, ta juyo.

"Ya ce za ka yi magana har ka tsuhwa."

"Ba shi na tambaya ba, Mama."

"Na sani."

Na yi shirun. Mako shida ina nuni da hannu, ina goge wili, Baba yana ba ni labarin Tozai ba mai katse shi, abin da ya ce bai taɓa samu ba tun da ya yi aure. A nan ne hannuna ya faɗa. Na koyi jin bambancin lamba ɗari takwas da dubu da yatsa, na koyi tsayawa. Abu ɗaya kawai Baba ya riƙa damuna da shi.

"Ka kira tsohuwarka?"

Na girgiza kai.

"In shirun ya ƙare ka kira ta."

Shirun ya ƙare ban kira ba.

Ranar da zan tafi Baba ya ba ni ƙunshin samfefa, kowace lamba goma-goma, da ɗan katakon da yake naɗa ta a kai, wanda yatsunsa suka yi wa gurbi. Na ce ai rediyo zan koma. Ya ce ya sani, in riƙe dai, ba nauyi. Maman Rashida ta cika mini flas. Da baron kayana ya bi ta tsakiyar fili, tallar na tashi. Na tsaya na saurare ta daga farko har ƙarshe, sau biyu. Ba laifi a cikinta ko ɗaya. Direbobin da ke kawo motoci sun ce mini ta yi shekaru tana yi, har lasifikar ta tsage. Baba kuwa bayan shekara biyu Maman Rashida ta sa aka kira ni aka ce ya rasu. A Kwatano aka rufe shi. Katakon yana nan a rumfata.

Ta Legas na bi zuwa Kaduna, don kada hanya ta ratsa da ni ta gida. Mu tara muka zo gwajin. Malam Isiyaku ya rungume ni, ya ji gaisuwata, na ga fuskarsa ta canza ya mayar da ita. Aka ba ni labari biyar. Jar fitila ta kama. Na karanta na farko. Na karanta na biyu, ina jin kaushin yana hawowa. A tsakiyar na uku, a kan kalmar "majalisa", sai iska kawai ta fito. Na kurɓi ruwa na sake. Na kai ƙarshen na biyar da abin da ya rage, domin an koya mini ba a barin labari a tsakiya.

Malam Isiyaku ya shigo ɗakin da kansa, ya rufe ƙofa.

"Ka lura ban taɓa gilashin ba?"

"Na lura, Malam."

"Ko sau ɗaya. Hausarka ba ta da aibi, Nasiru." Ya juya zoben a yatsansa. "Me ya same ka?"

Na gaya masa a taƙaice. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya raka ni har bakin titi, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba.

Na isa Illela da hantsi, ranar da ba kasuwa. Wata goma ke nan Inna ba ta ji bakina ba, kuma ban gaya wa Hadiza ina tafe ba. Na shiga zaure na ajiye jaka. Na tsaya a nan. Ta bayan katanga ina jin ƙarar da na sani tun ina yaro, Inna tana cuɗa tukunya da toka da tsamiya. Tukunyar dalma muke ce mata, ko da yake alminiyam ce. Na gyara tsayuwa, na yi sallama irin ta baƙo, da duk abin da Malam Isiyaku ya koya mini.

"Assalamu alaikum. Barkanku da hantsi."

Cuɗar ta tsaya.

"Wa alaikumus salam. Maigidan bai nan, ya tahi Ƙonni."

"Ba wurinsa na zo ba, Hajiya."

"To wa ka sallama?"

Na buɗe baki, sunana ya ƙi fitowa. Ta jira. Da ta ji shiru ta koma cuɗarta, tana magana a ciki, wata doguwar magana da ƙarar tukunyar ta cinye. Na matsa kusa da katangar.

"Mi?"

Na ji tukunyar ta faɗi a kan turmi ta gangara.

"Mutum guda na ka ce min 'mi' cikin duniyag ga," in ji ta. "Shigo, marar kunya."

Na shiga. Ta rame kaɗan, hannunta duk toka. Ba ta taso ba. Ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta tsaya a kan hannuwana, da baƙin da ya zauna a gefen farce wanda sabulu ba ya fitarwa.

"Mura ta kaka yi?"

"Ba mura ba ce, Inna. Haka za ta zauna."

"Bakanon hwa?"

"Ya tsaya can."

Ta share ido da bayan hannu, toka ta shafe mata kunci.

"To. Ni dai ina jin ka sarai." Ta miƙa hannu ta jawo tukunyar, ta turo mini ita da ƙafa. "Hannun ga na mai aiki na. Amshi, in gani."

Na tsuguna, na juya tukunyar. Gindinta ya yi furfura, da ramuka biyu a gefe. Na buɗe jaka na ciro katakon Baba Mamman, na ce wa Hadiza, wadda ta fito daga ɗaki ta tsaya baki buɗe, ta kawo mini ruwa a baho.